Tela Ya Ba da Aron Ido

"…da hawan bene? Tun kana matakalar ƙasa nake jin hakinka, na ce ko wani aka aiko da buhun siminti."

"Lafiya lau, amarya. Buhun simintin dai shi ne mijin naki, sai haƙuri. Kin tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau, angon gwanjo. Shigo, ka ɗaga ƙafa, akwai waya a ƙasa."

Tsohon tela ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya tsallake wayar. Ya lura ba shi take kallo ba sa'ad da take magana, gefen kafaɗarsa take kallo, wajen labule. Ya jawo kujerar roba ya zauna kusa da teburinta, ya ɗora hularsa a gwiwa.

Jikarsa ce, 'yar babbar 'yarsa. Tun tana rarrafe a ƙarƙashin keken ɗinkinsa yake ce mata amarya, ita kuma da ta yi baki ta raɗa masa angon gwanjo, sunan ya bi shi har tsufa. Aikinta shi ne rubuta wa kwamfuta abin da za ta yi, layi bayan layi, da wani rubutu mai yawan ɗigo da ƙugiyoyi. Bara ciwon ido ya kama ta. Ya fara cinye tsakiyar ganinta, ya bar mata gefe-gefe, daga baya launuka suka koɗe mata. Likita ya faɗa mata gaskiya, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Shugabanta a wurin aiki ba mugu ba ne, ya yi ta ɗaga mata ƙafa, amma shi ma akwai na sama da shi. Yau da la'asar za su kira ta, ta nuna musu za ta iya aikin da kunne. In ta kasa, a miƙa wa wani abin da ta yi shekaru tana ginawa, ita kuma a mai da ita teburin amsa kiran masu ƙorafi.

Ta yi masa bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa yaro ɗaurin takalmi. Akwai manhajar da take rubutun a cikinta. Masu yin ta sun fito da sabuwa, amma ba su gama ta ba, sun dai bayar a gwada. Akwai kuma wani ɗan ƙari da ake maƙala wa manhajar, wanda yake karanta wa mutum rubutunsa da murya, kuma a jikin sabuwar kawai yake zama.

"Wato rigar da ba a gama ba ce aka ba ki ki gwada," in ji shi, "da allurai a jiki. Muryar kuma aljihu ce za a ɗinka a kai."

"Ashe akwai sauran ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin furfurar nan."

"Wadda kika gada ce ba ta da yawa, sauran tana wurina."

Tun jiya take fama, ta ce. Ta saka ƙarin, kwamfuta ta nuna ya shiga. Ta buɗe manhajar, shiru. Wani ɗan akwatin rubutu yakan fito a kusurwar allo, kafin ta ƙara masa girma ta kai hancinta ya ɓace. Abin da take so da shi ke nan, ya karanta mata akwatin.

Ya tambaye ta ko duk danginta babu mai ido sai shi, ina uwarta, ina ƙaninta da ya gama jami'a.

"Kai kaɗai ne ba ka da aikin yi."

Ya san ba haka ba ne. Uwarta ba ta iya zama a ɗakin nan ba tare da ta share hawaye da gefen mayafi ba, tana zaton yarinyar ba ta jin jan hancinta. Ƙanin kuwa da ya zo zai ture ta ya ce kawo in yi miki. Abokan aikinta ba ta so su san inda abin ya kai. A duk gidan mutum ɗaya ne tsakaninsa da ita babu tausayi a fili, sai zagi, kuma shi ta aika a kira.

Suka fara. Ta buga, akwatin ya fito, ya matsa da fuska, kafin ya gama gaisawa da harafin farko abin ya tafi. Karatunsa na makarantar manya ne ta yamma, wadda ya shiga bayan ya aurar da 'ya, ya san haruffa ɗaya-ɗaya amma sai sun tsaya cik. Ya ce wannan akwati ya fi ɓarawon kasuwa sauri. Ta ce ba akwatin ne mai sauri ba, mai binsa ne ya tsufa. Ta ba shi wayarta ya ɗauki hoto. Ya ɗauka, ta ƙara wa hoton girma har ya cika allo, ta daɗe tana dubawa da gefen ido.

"Wannan wane harafi ne mai farce?"

"Babban yatsana ne. Ki adana shi, in na mutu kya riƙa tunawa da ni."

"In ka mutu wa zai gane? Tun yanzu ma rabinka ya tafi."

Daga baya ta tuna akwai wurin da saƙonnin suke taruwa bayan sun ɓace. Ta lalubo shi, rubutun ya tsaya. Ya sa yatsa a ƙarƙashin layin yana kiran haruffa, tana haɗawa a ka. Inda ya yi shakka sai ya kwatanta, mai ciki a gaba, mai wutsiya a ƙasa, mai kama da ƙugiyar rataye riga. Da suka kai ƙarshe ta sauke numfashi. Saƙon cewa yake an riga an saka, babu abin da ya rage.

Ta ce to ko lambar manhajar ce ba ta dace da ta ƙarin ba. Nan ya gyara zama, don lamba kam ya sha karanta ta a jikin igiyar awo. Ya karanto ta nan, ya karanto ta can, suka yi daidai. Ta cire ƙarin ta mayar. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta sa ya duba ko wayar lasifika ta zare, ya durƙusa ƙarƙashin tebur gwiwoyinsa suna ƙara, ta ce yau ta ji muryar da ta fito, amma ba daga inda take nema ba. Waya tana nan daram. Kiɗa ma in ta kunna yana fita. Manhajar ce kawai ta kame bakinta.

Rana ta hau. Ya yi sallar azahar a kan dardumar da ke bayan ƙofa, ya idar ya zauna yana jan carbi yana kallon bayanta. Ta daina bugawa. Hannayenta suna kan cinyarta. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne tun da ya ta da sallah har ya sallame ba ta jefe shi da ko kalma ɗaya ba, ita da ta saba cewa ruku'unsa ya fi na kowa tsawo don ba ya iya miƙewa.

"Kaka," ta ce, ba tare da ta juyo ba.

Rabon da ta kira shi da wannan suna har ya manta.

"Wataƙila ba na'urar ba ce. Wataƙila ni ce na ƙare, nake ta jan rai."

Hannunsa ya so ya kai kanta, kamar sa'ad da take ƙarama ta soki yatsa da allura. Amma ya san in ya taɓa ta yanzu, ko ya sassauta murya, shi ke nan, za ta rushe, kuma babu mai tattara ta kafin la'asar. Ya mai da carbin aljihu, ya tashi a hankali, ya koma kujerarsa.

"Ni dai ban auri raguwa ba," ya ce. "In ƙarewa za ki yi, ki bari sai na sami wata. Tashi ki sake, a hankali, in ga hannun naki. Tun safe kin ɗaure mini ido a kusurwa kamar akuya."

Ta yi wata 'yar dariya marar ƙarfi, ta share hanci da bayan hannu. Ta ɗora yatsu. Ba ta duban maɓallan, yatsun sun san hanya, suka zuba umarnin kamar ruwa. Ya bi allon da kallo daga sama har ƙasa.

"Abin da ban gane ba a wannan sana'ar taku," ya ce, "shi ne a kai wa wani tela yadi, a je wurin wani karɓar riga. Kullum shuɗiyar kike ba saƙo, sannan ki je ki ƙwanƙwasa wa tsanwar."

Yatsunta suka tsaya.

"Wace shuɗiya?"

Ya ce alamomi biyun da ke ƙasan allo mana, masu fasali ɗaya kamar an yanka su da almakashi ɗaya, guda shuɗiya, guda tsanwa. Duk sanda ta buga dogon rubutun nan, shuɗiyar ce take ɗan motsi. In ta tashi buɗewa kuma sai ta buɗe tsanwar.

"Tun yaushe kake ganin haka?"

"Tun safe."

"Ka yi shiru?"

"Akwati aka ce in karanta. Ba a ce in karanta launi ba. Na zaci haka ake yi, wa ya san muku."

Ta jingina da kujera, ta rufe fuska da tafukan hannu. Da ta buɗe, magana take yi a hankali, rabi da shi rabi da kanta. Tsohuwar manhajar tana nan cikin kwamfutar, ba ta cire ta ba. Kowace da rumbunta daban, abin da aka saka wa wannan ba ya zuwa wurin waccan. Sunan da ake kiran sabuwar da shi a umarni ya ɗara na tsohuwar tsawo, ita kuwa yatsunta sun shekara da shekaru suna buga gajeren, ba sa ma tambayarta. Tun jiya tsohuwar take ɗura wa ƙarin, wadda ba ta iya amfani da shi, ita kuma tana amsa mata da an riga an saka. A idonta duka biyun toka-toka ne.

"Makauniya da jahili," ta ce. "Wanda ya haɗa auren nan Allah ya yafe masa."

"Amin. Amma ki lura, jahilin ne ya gano."

"Bayan ya zauna a kan maganar tun safe kamar kaza a kan ƙwai."

Ta sake bugawa, wannan karon harafi-harafi, tana kiran kowane a fili don kada yatsun su koma gidan jiya. Ta tambaye shi wacce ta motsa. Ya ce tsanwar. Ta ce ya rantse. Ya ce shi da ya yi rayuwarsa yana zaɓar zare, ba a rantsar da shi a kan launi. Wani siririn layi ya fito yana jan jiki daga hagu zuwa dama, ya riƙa faɗa mata inda ya kai, ya wuce rabi, ya kusa, ya tsaya, ya ci gaba. Ta rufe manhajar ta buɗe.

Murya ta fito. Ta namiji ce, a natse, ba sauri ba nawa. Ta karanta layin farko, ta faɗi tazarar da ya bari daga gefen shafi, ta sauka na biyu. Jikar ba ta motsa ba. Ta lumshe ido, ta karkata kai, leɓɓanta suna bin muryar kamar mai bin karatun da ta haddace. Can ta ɗaga yatsa, ta tsai da muryar, ta koma baya, ta gyara wani abu, ta sake ta. Hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba, shi kuma ya mai da ido kan hularsa yana gyara mata karin da bai lalace ba.

Sai da ta kai ƙarshen shafin ya yi gyaran murya.

"Wane ne wannan ƙaton da yake magana a ɗakin matata?"

"Sabon ango ne. Ba ya haki, ba ya ɗaukar hoton yatsansa."

"Daga jin muryarsa ba shi da ko sisin kwabo. Ya iya ɗinki?"

"Ya iya karatu."

Tsohon ya jinjina kai. Ya ce to, a nan kam an fi shi, ya sakar masa, amma a gaya wa yaron ya riƙe amana, don yarinyar tana da baki. Ya sa hularsa, ya ce bari ya sauka tun kafin mutanen nata su kira, kada su ga kyakkyawan mutum a bayanta su manta da abin da ya tara su.

Ta ce ya tsaya. Ta kai hannu fuskarta ta zare tabaraunta mai kaurin gilashi, ta riƙe shi ɗan lokaci, tana shafa ƙafarsa da yatsa. Sannan ta miƙa wajen da take jin numfashinsa.

"Ungo ladan karatu. Ni na gama da shi."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya saka shi a fuskarsa. Nan take ɗakin ya narke, tebur ya haɗe da bango, ita kanta ta zama wata inuwa mai motsi. Ya dafa kujera.

"Ashe haka kike ganina, amarya?"

"Haka," ta ce, tana juyawa wajen kwamfutarta. "Kuma wallahi ka fi kyau."

Ya yi dariya har da tari, ya lalubi takalmansa da ƙafa, bai cire tabaraun ba.