Ɗakin Inna Mai Rawa

Yau da safe ina zaune a sabon ɗakin da na gina wa mahaifiyata, ina shan koko, jirgin ƙasa ya wuce. Yaɓen bango ya ɓamɓaro ya faɗa mini cikin ƙoƙo. Na tsame shi na ci gaba da sha, don mun saba. Amma gabana ya faɗi, saboda yau Inna za ta iso, bayan na shekara ina lallashinta ta baro ƙauye ta zauna da ni a Sabon Gari.

Abin haushin, maƙwabcina Elias kafinta, gidansa dab da hanyar jirgi yake, amma ko kwano ba ya motsi. Ni da nake can baya, kullum gidana cikin rawa. Na taɓa tambayarsa ko yana da wani asiri. Ya ce, "Wallahi maƙwabci, ni dai ƙara nake ji. Rawar kam, gidanka take wucewa."

Sai na tafi wurin Mai Girma Sarkin Igiya da Turke, wanda ya yanka mana filaye. Allah ya ƙara masa ilimi, bayani ya yi mai daɗi. Ya ce ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Gidan Elias a kan dutse yake, girgiza ta bi ta ciki ta wuce da sauri. Nawa kuwa a kan tsohon kududdufi yake da aka cike da ƙasa mai laushi, in girgizar ta shigo sai ta tsaya tana kaɗawa kamar kunu a ƙwarya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya cike kududdufin ya ba ni?"

Tari ya kama shi. Da ya lafa, ya ce in haƙa rami mai zurfi tsakanina da hanyar jirgi, zai tare girgizar. Na haƙa har hannuna ya yi kanta, kuma gaskiya rawar ta ragu. Damina ta sauka, rami ya cika da ruwa, sai ga Mai Girma Sarkin Yaƙi da Sauro da muƙarrabansa. Ya ce in cike shi kafin rana ta faɗi. Na ce ai ɗan'uwansa ne ya sa ni. Ya ce shi ƙasa ba ruwansa, ruwa ne nasa. Na cike, rawa ta dawo da ƙarfinta.

To, yau da azahar Inna ta iso. Ta yaba ɗaki, ta sa mini albarka, har na ji ƙwalla. Da la'asar tana cikin salla jirgi ya wuce. Ta sallame, ta dafa ƙasa da tafin hannunta, sannan ta jawo ƙunshin kayanta.

"Ɗan nan, ƙasar da ita kanta ba ta zauna ba, ni zan zauna a kanta?"

Na roƙa, matata Barakatu ta durƙusa, ina! Matar Elias ce ta tare ta a ƙofa, ta ja ta gidansu ta shimfiɗa mata tabarma. Inna ta dafa ƙasar can ma, ta ce wannan tana da hankali.

Yanzu haka tuwonta zan kai mata, kuma unguwa ta fara cewa na kori uwata. Manyanmu dai, Allah ya ja zamaninsu, sun cika alkawari. Sun ce jirgi zai kusanto da dangi, ga Inna nan kuwa ta zo, gida uku tsakaninmu.