Gaisuwar Falmata ta Abbaganaram

Da gidan rediyonmu ya zuba tsofaffin shirye-shiryensa a intanet kyauta, na tono wani shirin gaishe-gaishe mai sunan kakata. Na tara gidanmu kaf a inuwar darbejiya, ina taƙama kamar ni na ƙera rediyo.

Wata murya ta taso kamar daga mafarki: "Ina gaida Falmata ta unguwar Abbaganaram, hasken idona."

Kakata ta lumshe ido.

Na zunguri mijinta. "Kaka Modu, ashe ka iya soyayya!"

Ya ajiye shayinsa. "Ni ban taɓa taka gidan rediyo ba."

"Bukar tela ne," in ji kakata, tana murmushi.

Har yau in na shigo, sai Kaka Modu ya ce, "Falmata, gyara ɗaurin ɗankwali, ɗan aiken tela ya iso."