Gwaggo Firinta Ta Rasu, Ko da Kun Ji Motsinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da har yanzu bai sake ni ba, nake sanar da 'yan uwa, abokan arziki da kwastomomin shagonmu na buga takardu rasuwar firintarmu, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Alhamis da ƙarfe biyu da 'yan mintoci na rana, bayan jinyar kwana huɗu, tana da shekara goma sha tara a duniya. Waɗanda suka biyo ta ƙofar shagon jiya suka ce sun ji motsinta, ina roƙonsu su karanta sanarwar nan har ƙarshe kafin su ƙaryata ni.

Marigayiya gadonmu ce, ni da Yayana. Mahaifinmu ne ya sayo ta sabuwa dal, ya ɗora ta kan teburin ƙarfen da ke kusurwar shagon, kuma shi ya raɗa mata suna, don ya ce ba ta fara aiki sai ta gama mita. Bai yi mata ƙage ba. Duk safiya in an kunna ta, sai ta yi "ƙurrr, ƙurrr," ta yi shiru kamar mai tunanin ko za ta yarda, sannan ta ce "kacau," alamar a kawo aiki. Daga nan sai "shuu, shuu, shuu" har yamma, takarda na fitowa da ɗuminta. Mace ce mai nauyi, sai ƙarti biyu ke iya ɗaga ta, shi ya sa tun da aka ajiye ta ba wanda ya ƙara motsa ta sai a makon nan. Ba ta da kwaɗayin tawada. Ba ta cin takarda sai in an ba ta mai laima, kuma ko a nan takan dawo da rabi. Ta buga takardun neman aiki, ta buga na barin aiki, ta buga wasiƙun da masu su suka tsaya a kanta suna kare su da jiki, ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ta gani ba. Wannan shaida na yi mata ita tsakani da Allah, duk da abin da ta yi min.

Bayan rasuwar mahaifinmu, shekara bakwai ke nan, muka raba aiki: Yaya na karɓar kwastoma, ni ina kula da kwamfutoci. A lokacin ne na cire manhajar saye da ke tafiyar da kwamfutocin shagon, na sa Linux, wadda kyauta ce, cikinta kuma a buɗe yake, duk mai ilimi zai iya shiga ya gyara. Yaya bai so ba. Ya ce, "Injiniya," haka yake kirana in zai tsokane ni, "na yarda, amma da sharaɗi. Ranar da wannan abin naka ya kasa fitar da aikin kwastoma a kan lokaci, ranar za ka ba ni babbar kalmar sirri, mu koma inda muka fito." Na bugi ƙirji na ce ya zuba ido. Ga wanda bai sani ba, mai babbar kalmar sirri shi ke da iko da komai a kwamfutocin. A duk shagon da mahaifinmu ya bar mana, ita kaɗai ce abin da nake da shi wanda Yaya ba shi da shi.

Kowa ya karɓi sabon tsari ban da Gwaggo. Waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa yi mata direban Linux ba, wato 'yar manhajar nan da ke yi wa kwamfuta da firinta tafinta. Sati uku na yi ina lallashinta. Daga ƙarshe na aro direban wata 'yar uwarta, na buɗe fayil ɗin saiti, na canza layi uku da hannuna. Layi uku kacal! Ta ce "kacau," na kusa kuka. Tun daga ranar na ɗauka ni da ita akwai amana, don ni na tsaya mata lokacin da Yaya ke cewa a sayar da ita ga masu gwangwan.

Ciwon ajalinta ya fara ranar Litinin da safe. Ina sabunta kwamfutar da take haɗe da ita, sai tambaya ta fito a kan baƙin allo: an ga ka taɓa wannan fayil da hannunka, a bar naka ko a maye shi da sabo? Linux ba ta yi min laifi ba, ta tambaye ni cikin ladabi. Daidai lokacin Yaya ya leƙo yana cigiyar sitefila, na juya ina nuna masa, yatsana ya danna ba tare da na karanta ba. Ni da nake yi wa kowa wa'azin ajiye kwafi, har ana guduna a wurin biki, ba ni da kwafin layin nan uku ko a filashi ɗaya.

Da hantsi shugabar makarantar firamaren da ke bayan layinmu ta kawo tambayoyin jarrabawa, shafi ɗari shida. Tun zamanin mahaifinmu take kawo mana aiki, ta san ni tun ina yawo da gajeren wando. Ta ce za ta karɓa ranar Alhamis ƙarfe huɗu. Na tura shafin farko. Gwaggo ta ja takarda, ta rubuta layi ɗaya na wasu alamomi da ba na kowane harshe ba, ta tofar, ta ja wata. Takarda arba'in ta ɓata haka kafin in cire mata wuta. Yaya ya tattara su, ya jera a gabana, ya ce, "Kana da zuwa ƙarfe biyu ranar Alhamis. Aikin Malama kuma ba zai je shagon tsallake ba, ko sama da ƙasa za su haɗu."

Ba a bar marigayiya ba magani ba, kowa shaida ne. Na canza mata kebul. Na canza mata kafar da ake sokawa. Na kashe na kunna har maɓallin ya fara jin tausayina. Ranar Talata raina ya ɓaci, na share duk saitin bugu fes don in fara daga tushe, sai daga baya na gane ashe kwamfutar ta ajiye min tsohon fayil ɗina a gefe, kuma da shi na haɗa na share. Direba goma sha ɗaya na gwada mata. Wani ta yi masa tari, wani ko kallonsa ba ta yi ba. Kwamfuta ta ce an aika, Gwaggo na zaune da koriyar fitilarta kamar ba da ita ake ba.

Ranar Laraba na shiga dandalin da masu Linux ke tambaya da amsa. Ina bincike sai ga wani bawan Allah ya taɓa kawo matsalata sak: firinta iri ɗaya, alamomi iri ɗaya, har layi ɗaya a kan kowace takarda. Murna ta kama ni. Na gangara ƙasa da sauri in ga magani, sai na tarar ya dawo ya rubuta: "Na gyara, na gode, a rufe zancen." Shi ke nan. Bai faɗi yadda ya yi ba. A ƙarƙashinsa mutum goma sha huɗu sun yi layi, shekara da shekaru, kowa na cewa don Allah yaya ka yi, bai tanka wa ko ɗaya ba. Kai, na ji zafi! Na zauna na rubuta masa abin da ya sawwaƙa. Na ce masa mugu, marowaci, wanda ya sha ruwa ya rufe rijiya, na ce irinsa ne ke ɓata mana suna. Sai da na aika na ɗaga ido in ga sunan wannan azzalumi. Likitan Na'ura. Sunan da nake amfani da shi ne a can baya, lokacin ina ji da kaina. Na duba kwanan wata, shekara bakwai cif. Na rufe shafin, na je na tsaya a bakin ƙofa ina kallon motoci.

Ranar Alhamis tun ƙarfe ɗaya da rabi Malama ta iso, ta zauna a kan bencin kwastomomi da jakarta a cinya. Na fara yi mata bayani, ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, yara ɗari biyu za su zauna jarrabawa gobe. Ni ban san direba ba, takarda na sani." Na sunkuya kusa da Gwaggo kamar mai duba kebul, na roƙe ta a hankali, na tuna mata masu gwangwan. Ko gezau.

Ƙarfe biyu na bugawa Yaya ya buɗe durowa, ya fito da laftof ɗinsa mai manhajar saye, wadda ashe tun Litinin take nan a caje tana jira. Ya zare kebul daga kwamfutata, ya soka a tasa. Bai buɗe baƙin allo ba, bai rubuta ko harafi ɗaya ba.

"Ƙurrr, ƙurrr. Kacau."

Jama'a, shafi ɗari shida ta zubo a jere, ba tari, ba atishawa. Shekara bakwai ina share mata ƙura, ina rufe ta da zane in za a tashi, ina kare mutuncinta a gaban Yaya, ashe lafiyarta ƙalau, ni ne kawai ba za ta yi wa ba. A wannan minti Gwaggon da na sani ta cika. Malama ta ƙirga takardunta, ta ce Allah ya yi albarka, kuma Yaya take kallo da ta faɗa. Na yagi gefen ɗaya daga cikin takardu arba'in ɗin nan, na rubuta babbar kalmar sirri, na miƙa masa. Kafin Malama ta kai bakin titi ya canza ta.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Da yamma Yaya ya ce in kama masa a mayar da ita kusa da teburinsa. Muka ɗaga ta, karo na farko tun zamanin mahaifinmu. Wata 'yar takarda da ta yi ruwan ƙasa tana reto a ƙarƙashin cikinta, manne da salatif. Rubutuna ne. A sama na rubuta "KADA KA MANTA" da manyan baƙaƙe, a ƙasa ga layi ukun nan, ba wanda ya goge. Sai a lokacin na tuna ni na zura hannu na liƙa ta, don na ce nan ne wurin da ba za ta taɓa ɓata ba. Kwana huɗu ina zagaye baiwar Allah nan, ina durƙusa mata, tana kwance a kan maganin, ba ta ce min uffan ba.

Na ce, "Yaya, minti biyu kawai."

Ya ce, "Kwana huɗu na ba ka, Injiniya. Kama can, ta yi nauyi."

Marigayiya ta rasu ta bar sikana guda mai ɗaukar hoton takardu, wadda ita ma sai da na sha wuya kafin ta yarda da Linux, yanzu kuma na ga tana yi wa laftof ɗin Yaya wani irin kallo. Ta bar injin laminatin, wanda ba ruwansa da kowace manhaja, shi ya sa hankalinsa a kwance yake. Ta bar sitefilar da ta jawo duk wannan, da kebul uku, biyu a cikinsu ba su da laifin komai. Ta bar marayu goma sha huɗu a dandali. Jiya na aro wayar maiɗakina na rubuta masu layi ukun, a ƙarƙashin zagin da na yi wa kaina. Mutum ɗaya ya amsa. Ya ce ya gode, amma ya jefar da tasa shekara huɗu da suka wuce.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma na safe a cikin shago. Ba za a fito da gawa ba, saboda gawar na da aikin kalandar wata ƙungiya da za ta gama kafin azahar. Abin da za a binne shi ne Linux ɗin kwamfutoci uku, Yaya zai jagoranci sharewa, ni kuma an ce in tsaya kusa ko za a buƙaci mai riƙe kebul. Za a karɓi gaisuwa a teburin laminatin da ke bayan ƙofa, inda aka mayar da ni. Masu zuwa su taimaka kada su tambaye ni ko na gwada kashewa da kunnawa, kada kuma kowa ya kira ni Injiniya sai an kwana bakwai.

Wanda wannan sanarwa ta iso hannunsa a takarda, ya taɓa ya ji ko da sauran ɗumi. Sai da na nemi izinin Yaya, ya tura ta daga laftof ɗinsa. Kwafi hamsin, marigayiya ce ta buga su da kanta, ko tari ba ta yi ba.

Sanarwa daga ƙaramin ɗan gidan, a madadin kansa shi kaɗai.