Wanda Ya Cinye Abincin Mama Ladi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na tsaya gaban zaure cike da mutane a garin Germantown na Amurka, sanye da sabon kaftani, riƙe da makirfo, na kai ƙarar kaina da bakina cikin Turanci mai kyau.

A unguwarmu akwai wata cibiyar taimakon al'umma, irin wadda ake samu a kusan kowace ƙaramar hukuma a nan. Suna da ajin ƙananan yara na iyalai masu ƙaramin ƙarfi, suna raba kayan abinci ranar Asabar, suna taya mutane cike takardun neman tallafin ɗumama gida idan sanyi ya kama. Suna kuma da shirin kai wa tsofaffi dafaffen abincin rana har gida. Ni aikina tafinta ne a asibitoci da kotuna, bayan shekarun da na yi a gidan rediyo a Kaduna. Talata da Alhamis ba ni da aiki da rana, sai na ba da sunana cikin masu kai abinci. (Matata ta tambaye ni ko lada nake nema ko dalilin fita daga gida. Na ce duka biyun.)

Shugabar shirin, Madam Doris, Ba'amurkiya ce mai rataye tabarau a wuya, wadda ba ta maimaita magana. Ranar farko ta zaunar da mu ta karanto dokoki: ka ƙwanƙwasa, ka miƙa, ka duba lafiyar tsoho, ka cike fom, ka wuce. Sannan ta ɗaga yatsa ɗaya. "Kada ka karɓi komai daga hannunsu, ko ruwan sha. Wanda ya karya wannan, ranar zai ajiye jakar abinci." Na gyaɗa kai kamar ni na rubuta dokar, na sa hannu.

Gida tara aka ba ni. Takwas ba su da wani labari. Na tara, a hawa na biyu na wani gidan haya, shi ne na Mama Ladi, 'yar Bukuru ta kusa da Jos, wadda ta zo zama wajen 'yarta Rifkatu. Rifkatu nas ce, tana fita da sassafe sai yamma, jikoki kuma suna makaranta, idan sun dawo ma da Turanci suke amsa wa kakarsu. Likita ya ce Mama tana da hawan jini, ta bar gishiri, shi ya sa Rifkatu ta sa sunanta a shirin, Talata da Alhamis. Da yake Mama ba ta jin Turanci, Madam Doris ta ce in riƙa zama da ita na minti goma sha biyar, in kuma rubuta a fom ko an ci abincin.

Da ta buɗe ƙofa na ɗan rusuna na ce, "Sannu Mama, ina wuni?"

Ta tsaya tana kallona, hannu a kan ƙofa. "Kai ɗan ina ne?"

"Zariya, Mama."

"Yesu na gode! Shigo ɗana, shigo. Wata nawa ban ji an gaishe ni da rana ba."

Minti goma sha biyar ɗin a gaisuwa suka ƙare. Ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, yaya mutanen gida, yara nawa, matar 'yar ina ce. Sannan ta buɗe abincin. Kaza ce fara fat, da dakakken dankalin Turawa, da koren wake, ba gishiri, ba magi, ba barkono. Ta ɗanɗana, ta ajiye cokali a hankali.

"Mai dafa wannan, wani laifi aka yi masa?"

Sai ta turo farantin gabana. "Bismillah."

Na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Ta ce haba, tun safe kana yawo a mota. Na ce wallahi na ci kafin in fito. Har nan komai daidai yake, haka ake yi a gida, ana tayi ana ƙi. Sai ta juya tana kallon taga, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "To, ba komai. Ko don gidan Kirista ne?"

Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san nauyin wannan tambaya. Dokar Madam Doris ba ta yi tanadinta ba. Na ɗauki cokali.

Nan take fuskarta ta washe. Ta shiga kicin ta fito da wata kwalbar yaji da aka kawo mata daga gida, ta barbaɗa mini, ita kuma ta zauna da kwanon gwatenta na acca da alayyafo, wanda ta dafa tun safe. "Gishirin kaɗan ne, kamar ba a sa ba," in ji ta, ba tare da na tambaya ba. Da na koma mota na ɗauko fom. Tambayar ita ce ko an cinye abincin, ko an ci rabi, ko ba a taɓa ba. Na duba, babu inda aka tambayi wanda ya ci. Na sa alama a kan an cinye.

Na yi wa kaina alkawari wannan ne na farko kuma na ƙarshe. Wata biyar aka yi haka.

Zan so in ce duk tausayi ne, kuma akwai tausayin. Ni kaɗai ne mai yi mata Hausa daga safe zuwa yamma, kuma na san idan aka kore ni, wanda zai maye gurbina miƙa mata abinci kawai zai yi ya ɗaga hannu. Amma gaskiya ita ce abincin nan, idan ya sha yajin Mama, ba shi da laifi. Na fara rage karin kumallo ranar Talata. Na san ranar Alhamis kifi ne. (Sau ɗaya aka canza kifin da taliya, na ji raina ya ɓaci tun a mota.) Tun ana tayi uku, aka koma biyu, har ya zama ina shigowa cokalina yana ajiye a mazaunina.

Sai lokacin walimar shekara ya zo, wadda cibiyar ke shirya wa tsofaffi da iyalansu, jami'an ƙaramar hukuma ma suna zuwa su ga aikin. Madam Doris ta kira ni ofis tana murmushi, abin da ban saba gani ba. Ta ce a duk jerin sunayenta Mama Ladi ce kaɗai ba ta taɓa rage ko loma ɗaya ba, kuma 'yarta ta ce hawan jinin ya sauka. Saboda haka Mama za ta yi jawabi, ni zan yi tafinta.

Ranar Talata, bakina cike da kaza, na ce, "Mama, godiya kawai za ki yi musu. A taƙaice."

"Ni yarinya ce? Shekara nawa ina ba da shaida a coci?"

Da ina da hankali, kalmar shaida ta isa ta hana ni cinye kazar.

Ranar walima zaure ya cika. Yaran ajin cibiyar suka yi waƙa, rabinsu suna kallon tebur ɗin kek. Jami'ai uku suka zauna a gaba. Rifkatu ta zo kai tsaye daga asibiti da kayan aikinta, ta zauna a layi na biyu. Daga gefe kuma ga tebur guda na matan cocin su Mama, 'yan Kaduna da Filato, da manyan ɗankwalaye. Na gan su, na gaishe su ma, amma ban yi tunanin abin da zamansu yake nufi ba.

A aikin tafinta akwai ƙa'ida: ba ka cewa "ta ce", kai ne kake zama bakin mai magana. Idan ta ce "ni", kai ma ka ce "ni". Kuma ba ka ƙari, ba ka ragi. Ina alfahari da wannan, har ina koya wa sababbi.

Mama ta fara da kyau. Ta gode wa Allah, ta gode wa Madam Doris, ta gode wa gwamnatin wannan ƙasa da take tunawa da tsofaffi. Ina juyawa da muryar karanta labarai, jami'ai suna gyaɗa kai. Sai ta gyara tsayuwa.

"Amma ina gaban Allah, ba zan yi ƙarya ba. Abincin nan naku, sau ɗaya na sa shi a baki. Amma kada ranku ya ɓaci, ba a taɓa zubarwa ba. Wannan ɗan nawa ne yake cinyewa tas. Ku dubi kumatunsa, da ba haka ya zo ba."

Tebur ɗin matan coci ya fashe da dariya. Sauran zauren ya juyo gare ni yana jira, da murmushin mutanen da suka san an faɗi abin dariya kuma yanzu za a ba su nasu rabon.

Na yi gyaran murya. Na ce da Turanci, "Ina tabbatar muku cewa abincinku bai taɓa zama asara ba, kuma ya kawo albarka a gidana."

Aka fara tafi. Sai wata murya daga layi na biyu, a fili, da Turanci: "Ba haka ta ce ba."

Rifkatu ce, ta harɗe hannu a ƙirji. Ta koma Hausa. "Malam, ka faɗa musu yadda ta faɗa. Ni ma ina so in sake ji."

"Faɗa musu mana, tafinta!" in ji wata daga matan coci, tana share hawaye da bakin gyale.

Mama ta taɓa hannuna. "Me ya faru? Ba ka ji ni ba ne? In sake?"

"Na ji, Mama."

Madam Doris ta ɗauki tabaraunta daga wuya ta sa a ido. Ban taɓa ganin ta sa shi ba sai ranar.

To, na faɗa. Kalma bayan kalma, bisa ƙa'ida, da "ni" da komai. Na ce sau ɗaya na sa abincinku a baki. Na ce wannan ɗan nawa ne yake cinyewa tas, kuma da yake Mama ta nuna ni da yatsa, ni ma na nuna kaina da yatsa. Na ce ku dubi kumatunsa. Suka kuwa duba. Wani tsoho a keken guragu ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ɗaya daga cikin jami'an ya rufe fuska da takardar shirin taro, kafaɗunsa suna rawa.

Mama ba ta gama ba. Ta ce, ni kuma ina juyawa, tunda ba sauran abin da zan kare: "Jinin da ya sauka, ba kazarku ba ce. Da ina wuni ni da bango. Yanzu ina da wanda zan yi wa faɗa sau biyu a mako. Idan za ku hana shi abincin ku hana, amma kada ku hana shi zuwa."

Wannan karon tafin na gaske ne, amma ni ƙasa nake kallo.

Washegari na kai jakar abinci ofis da kaina, tun kafin a nema. Madam Doris ta baje fom-fom ɗina a tebur, na wata biyar, kowanne da alamata a kan an cinye. Ta ce doka doka ce, na sauka daga kai abinci. Sannan ta turo mini wata takarda. Ashe suna da wani shiri na masu ziyartar tsofaffi, ba a kai komai, zama kawai ake yi a yi hira. Talata da Alhamis, gida ɗaya. Ta ce abincin Mama kuma wani zai riƙa kaiwa, Mista Harold, tsohon ma'aikacin gidan waya, shekararsa goma sha ɗaya a shirin ba a taɓa samun sa da kuskure ba, kuma bai san kalmar Hausa ko ɗaya ba. Ta nanata wannan na ƙarshen tana kallona ta saman tabarau.

Rifkatu ta yi mako biyu tana amsa gaisuwata da "lafiya" kawai. Daga baya ta sauko, bayan ta ɗauke gishirin kicin ta kulle a motarta.

Talata ta uku da fara sabon aikina na iso da ɗan wuri. Ƙofa a buɗe take. Na yi sallama na shiga, sai ga Mista Harold zaune a kujerata, da cokalina a hannu, fuskarsa ta yi ja, idonsa yana ruwa saboda yaji. Muka kalli juna. Ya buɗe baki zai yi bayani, na ɗaga masa hannu.

"Mama," na ce, "wannan kuma da wane yare kika yi masa tayi?"

"Wane yare? Farantin na tura masa, na kalli taga."

Darasin da na ɗauka bai da yawa. Idan za ka yi wa tsohuwa tafinta a bainar jama'a, ka tabbata ba ka taɓa cin komai nata ba. Idan kuwa ka ci, to kafin ka buɗe baki ka dubi layi na biyu.