Rodin Rumfar Tasharmu Ya Leƙo

Ƙarfe goma na safiyar Talata, ruwa ya ɗauke amma gari na nan a lumshe, na ajiye babur ɗina a rumfar kankaren da aka gina mana a tasha. Ina cikin goge kujera sai na ji tim! Ɓallin siminti kamar tafin hannu ya faɗo kan tanki. Na ɗaga kai, sai ga rodi ya leƙo, ja wur da tsatsa.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma Malam Shitu magini ya yi min bayani.

Ya ce, "Kafin a zuba kankare, 'yan duwatsu ake sa wa rodi a ƙasa, ya ɗago daga kan katako, siminti ya lulluɓe shi ko'ina. Su kuwa shimfiɗa shi kawai suka yi. Ruwa ya shiga, ya yi tsatsa ya kumbura, shi ne yake turo simintin."

Na ce, "To duwatsun tsada gare su?"

Ya ce, "Jibrin, dubi ƙasa. A kansu kake tsaye."

Allah Ya saka wa manyanmu, ba su yi barci ba. Ranar Alhamis sai ga Mai Girma Sarkin Duba Ayyuka da motoci huɗu da bokitin fenti biyu. Aka shafe rodin fari fat. Ya ce rumfa lafiyarta lau, har jikokinmu za su gaje ta. Na dai lura direbansa can bakin titin Kwanar Dangora ya ajiye mota. Wataƙila motar ce ke son shan iska.

Ni damuwata Inna Hasiya ce, mai fura da nono. Daidai ƙarƙashin tsagar take zama kullum, wai nan inuwa ta fi sanyi.

Na ce, "Inna, ki koma gindin darbejiya mana."

Ta ce, "Kai ɗan nan, da kunnena na ji babban mutum ya ce an gyara. Ka fi shi karatu ne?"

Ban fi shi ba kam.

Da ta tafi sallar azahar, na kwashe ƙoranta da tabarmarta na kai gindin bishiyar, na zauna ina kore mata ƙuda. Ta dawo tana faɗa, wai wane marar kunya ne ya taɓa mata kaya. Na sunkuyar da kai ina gyara takalmi. Ta dai zauna a wurin tana mita, har la'asar. Ko ludayi ɗaya ba ta ɗanɗana min ba.