Littafin da Kaka Ya Jiyo a Asibitin Ido

"Lafiya lau, sai gajiyar da ka ɗora mini," in ji ta, tana tuɓe takalma a bakin ƙofa.

"Sannu, Gara. Yau littafin wa kika cinye?"

Kakanta ne ya laƙaba mata wannan suna tun tana firamare, wai duk takardar da ta shiga hannunta ba ta kwana. Yana zaune a kujerarsa ta gindin taga da baƙin tabarau na waɗanda aka yi wa aikin ido. Hasken yamma ya kwanta a kan agogunan da suka rage masa bayan ya bar sana'ar gyara, guda bakwai a bango, kowanne da lokacin da ya ga dama.

Ita kuwa ba wasa ya kawo ta ba. Wata takwas ke nan tana zuwa wata ƙungiyar masu karatu da ke haɗuwa duk Asabar a ɗakin baya na wani kantin littattafai. Kowa da ranarsa: ya zo da labarin da ya kama shi, ya faɗi dalili, sauran su nema su karanta. Da haka ta san littattafan da ko a jami'a ba ta ji ɗuriyarsu ba. Amma ba ta taɓa buɗe baki ba, kujerar bayan ƙofa take zama, har wasu suka ɗauka 'yar mai kantin ce. Mako biyu da suka wuce aka tambaye ta me za ta kawo. Sai ta ba su labarin wani littafi da Kaka ya ce ya ji ana yabonsa a asibiti. Kowa ya juyo yana kallonta. Wata tsohuwar malamar lissafi, wadda ba abin da ke burge ta, ta ajiye biro ta ce lallai a zo da shi. Gobe ce Asabar ɗin.

"Daga asibitin nake," in ji Gara.

"Ke ma idon ya tafi? Na faɗa miki, cin takarda ba romo."

"Na sami nas ɗin da ka ce ka ji tana hirar littafin da wata mai jiran layi."

Tsoho ya sosa gemu. "Doguwa, mai murya kamar rediyo?"

"Ita fa. Ta ce a gaishe da mai minshari."

Nas ɗin ta yi dariya har da riƙe tebur kafin ta iya bayani: ashe labarin da Kaka ya bayar haɗe-haɗe ne. Matar da ke adana laimomin da fasinjoji suka manta a tashar jirgin ƙasa, wannan littafi ne guda, ta ma rubuta mata sunansa. Jirgin ruwan da ya ɓace shekara goma ya dawo ba wanda ya tsufa a cikinsa, wannan wani littafi ne daban, shi ma ta rubuta sunansa. Amma mai gyaran agogon da ke tsakiyar labarin, ta ce ba ta taɓa jin sa ba. Abin da ta sani, an ɗiga wa tsohon magani an ce ya rufe ido minti ashirin, shi kuma ya yi awa guda yana barci baki buɗe.

"Nazari nake," in ji Kaka. "Manya da ido rufe suke karatu."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, Tsoho."

"Ƙarya ta masu haƙora ce. Ni a ina za ta zauna?"

"Shi ya sa take zubowa ba birki."

Ta lissafa masa wahalarta: kantuna huɗu, da ɗakin karatu na gari inda ma'aikaciyar ta bincika kwamfuta har ta gaji, da zauren masu karatu na waya. A can wata ta ce fassara ce, wani kuma ya rantse ya karanta shi yana yaro.

"Kin ji shaida! A ba ni lambar wannan yaron, shi zan bar wa agogunana. Ke kuma na cire ki daga gado."

"Ka bar masa. Agogo bakwai, ba mai gaskiya ko ɗaya. Sun biyo mai su."

Ya yi murmushi, ya jingina kai. Ta zauna a tabarma kusa da ƙafarsa, ta ce ya sake faɗin wajen mai agogon, ko da akwai abin da ta manta. Ya faɗa a hankali, fuskarsa na kallon taga. Wani mutum ne da agogo guda da ya ƙi gyaruwa, baya yake tafiya. Duk sanda ya buga ƙarfe huɗu sai wata mata ta wuce ta bakin tagar shagon riƙe da shuɗiyar laima, ko da babu hadari. Kullum ta fi jiya ƙuruciya. Furfurarta na komawa baƙa, tafiyarta na ƙara sauƙi, wani lokaci ta waiwayo kamar za ta yi magana. Mutumin ya san wane ƙarfe ne ya karkace a ciki, gyaran minti biyu ne, amma ya kasa sa hannu, don in agogon ya daidaita ba za ta sake wucewa ba.

Gara ta ɗaga kai. Agogon ƙarshe a jere ya tsaya a kan ƙarfe huɗu. Bayan ƙofa kuma, a ƙusar da ta saba gani tun tana ƙarama, shuɗiyar laimar kakarta ce rataye, shekara shida bayan rasuwarta. Ta mai da idonta kan tabarma.

"Sai me ya faru a ƙarshe?"

"Doguwar nan ta taɓa kafaɗata, saura shafi uku."

"To ka amsa ke nan."

"Ban amsa komai ba. Na ce dai an katse mini karatu."

Ta shiga jan zaren tabarma. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, sau ɗaya tak ta yi magana a wata takwas, kuma gobe za a ce ƙarya ta yi. Ya ba ta shawara ta kai musu biyun da nas ta rubuta. Ta girgiza kai. Malamar lissafi ba ta tambayi jirgi ba, ba ta tambayi tasha ba, agogon ta tambaya.

Agogo ɗaya ya buga tara, wani ya amsa da biyu. Ta dubi tsohon tun daga hula har silifa.

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Gobe ka yi wanka da wuri. Na sami littafin."

"A ina?"

"Ga shi a kujera. Bango ya yamutse, shafuka sun zube, amma kwafi ɗaya ne a duniya."

"Ni ba a ba da ni aro."

"Wa zai roƙa? Su leƙa dai su dawo mini da kayana."

Dariya ta ƙwace masa har tabarau ya zame kan hanci. Da ta lafa, ya ɗaga yatsa ya kafa sharaɗi: littafi ba ya buɗe kansa. Ita za ta tashi daga kujerarta ta bayan ƙofa, ta tsaya a gaban mutane, ta faɗi yadda ta neme shi da inda ta same shi. In ba ta yi ba, zai zauna gum kamar agogo na bakwai. Ta ce ta yarda.

"To ɗauko laimar can, ta zama taki. Littafi ba ya fita ba hoto a bango."

Ta sauke ta daga ƙusa da hannu biyu, ta share ƙurar da gefen mayafinta.

"Kuma Gara, in barci ya ɗauke ni a tsakiya, kada ki bar kowa ya taɓa ni. Suna bi na bashin shafi uku."