Ɗan Gayun Malam Badamasi

Malam Badamasi mai kemis, na bakin tashar Funtuwa, mutum ne da in ya ji sabon abu ba ya iya barinsa ya kwana a cikinsa. Wata Asabar aka kira taron iyaye a makarantar 'yarsa Rumasa'u. Wata malama ta miƙe ta kwashe awa guda tana bayanin yadda miyagu ke farautar yara ta waya: su zo da sunan ƙarya da hoton aro, su fara da gaisuwa, su bi da alkawarin kyauta, kafin a ankara sun san makarantar yaro da ƙofar gidansu. Malam ya fito daga taron gumi na tsattsafo masa, don bai fi wata biyu ba da ya ba Rumasa'u, 'yar shekara goma sha uku, tsohuwar wayar uwarta saboda aikin gida da malamai ke turowa.

Tun daga ranar gidan ya koma aji. Ana karyawa darasi, ana cin tuwo darasi. Kada ki amsa wa lambar da ba ki sani ba. Kada ki danna duk abin da aka turo. Lambar sirri kamar buroshin haƙori take, ba a ba da aronta. Rumasa'u kuwa amsarta ɗaya ce kullum, kai a sunkuye: "To, Baba."

Wannan "to" ɗin ce ta hana shi sakat. Ya kai kukansa wurin maƙwabcin shagonsa, Alhaji Mudi mai taya, shi kuma ya ƙara wa wutar fetur.

"Malam, 'to' ɗin yaran yanzu a leɓe take tsayawa, ba ta gangarawa ciki. In kana son sanin gaskiya, gwada ta. Gani ya kori ji."

Malam bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya sayi sabon layi ya zura a wayarsa, ya buɗe sabon shafin hira, ya ɗora hoton wata jar mota da ya samo, ya raɗa wa kansa suna Ɗan Gayu. Ko matarsa Uwani bai shaida wa ba, don a ganinsa sirrin da ya shiga kunne biyu ya tashi daga sirri.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya shige ɗakinsa, ya zauna bakin gado ya ba ƙofa baya, ya gyara tabarau, ya duƙufa. Sau uku yana rubuta "Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri" yana gogewa, don ya tuna Ɗan Gayu ba ya magana kamar mai neman aiki a ƙaramar hukuma. Da ƙyar da gumin goshi ya haɗa wannan:

"Salam. Ni ɗalibi ne kamar ke. Ina raba data kyauta. Faɗa mini sunan makarantarku, da unguwarku, in turo miki."

Ya tura. Alama ta nuna an karanta. Shiru.

Ya ƙara wani, ya ƙara wani, har da 'yar fuskar nan mai murmushi da ya sha wuya kafin ya gano inda take ɓuya. Shiru dai. Malam ya fara murmushi shi kaɗai, yana cewa a ransa lallai 'yar nan jininsa ce, gobe sai Alhaji Mudi ya ji kunya.

Sai wayar ta yi ƙara. "Wane ne kai?"

Malam ya zabura. Ta amsa! Duk darasin sati uku ya bi ruwa. Ya rubuta, "Abokinki ne, kada ki ji tsoro."

Abin da ya biyo baya ba rubutu ba ne, saƙon murya ne na minti biyu da rabi. Ya rage sauti ya kara a kunne. Muryar da ya ji ba ta Rumasa'u ba ce. Murya ce da ya shekara goma sha bakwai yana ji, amma bai taɓa jin ta da wannan zafin ba.

"Kai, tsohon banza, mara kunya, mara tsoron Allah! Uwarta ce ke magana. Wai ɗalibi! Ɗalibin ina ne ke sa waƙafi da aya a saƙo? Ko ban gan ka ba na san ka: tsoho ne kai, mai furfura, mai tumbi, wanda zaman banza ya yi wa yawa. Allah ya tona asirinka tsakiyar kasuwa!"

Malam ya dubi cikinsa, ya shafa gemunsa. Bai gama jin sauran ba aka banko ƙofa. Ya yi wuf ya jefa wayar a aljihun riga. Uwani ce, ɗankwali ya zame, wayar Rumasa'u a hannu, ita kuma Rumasa'u na biye da ita sumui-sumui.

"Malam, kana nan zaune wani ɗan iska na neman lalata mana yarinya! Duba nan. Allah ya yi wa 'yar nan albarka, ko harafi ba ta mayar masa ba, ta ɗauki hoton saƙonnin ta kawo mini."

Malam ya karɓi wayar ya yi kamar yana karantawa, alhali ya haddace abin da ke ciki. Ya yi gyaran murya. "To, alhamdu lillahi, tunda ba ta amsa ba, sai a toshe lambar a bar shi da Allah."

"A bar wa? Wallahi ba a bar shi ba! Na riga na tura lambar zauren matan unguwa na waya, kowace ta ja kunnen 'ya'yanta. Maman Hanifa ma ta ce yanzu za ta kira ta wanke shi tas."

Nan take aljihun Malam ya fara rawa a hankali. Ya dafe ƙirji da tafin hannu.

"Lafiya?" in ji Uwani.

"Ƙwannafi ne. Ki dai yi haƙuri, wataƙila mutumin ba shi da mugun nufi. Wataƙila ma mutumin kirki ne."

Uwani ta zare ido. "Mutumin kirki? Malam, kai ne da bakinka? Kai da ka hana mu cin tuwo cikin kwanciyar hankali sati uku? Ai na tura wa Yaya Sabitu ma. Ya ce gobe da safe in ya shiga ofis za su binciko sunan da aka yi rajistar layin da shi, har da hotonsa."

Yaya Sabitu, yayan Uwani, sufeton 'yan sanda ne, kuma tun ranar ɗaurin aure bai taɓa yi wa Malam dariya ba. Malam ya hango kansa a bayan kantar 'yan sanda, ya hango Alhaji Mudi na ba da labarinsa a majalisa, ya hango kemis ba mai shiga ko da neman maganin mura. Ya buɗe baki zai fara bayani, Uwani ta riga shi.

"Bari ma ka ji muryar mara mutuncin da kunnenka," in ji Uwani. Ta fizge wayar ta danna kira.

Wannan karon tafin hannu bai yi amfani ba. Aljihun Malam ya kama haske yana kyarma, kamar an saka ɗan tsako a ciki. Uwani ta dubi aljihun, ta dubi mijinta. Ta katse kiran, aljihu ya yi tsit. Ta sake kira, aljihu ya sake tashi.

Can waje akuyar maƙwabta ta yi kuka.

"Jarabawa ce," in ji Malam da 'yar ƙaramar murya. "Gwada ta nake yi. Kuma ta ci. Ta ci ɗari bisa ɗari."

Uwani ta zauna bakin gado ta rafka salati. Can kuma dariya ta kece mata, har da hawaye. "To, Ɗan Gayu, sai ka shirya. Ni ba zan kira Yaya ba, kai za ka kira shi da bakinka. Matan unguwa kuma su arba'in da biyu ne, sai ka bi su gida-gida. Maganar tumbi kuwa ban janye ba."

Malam ya ga mutuncinsa na neman zubewa gaba ɗaya, ya ce bari ya tattara ɗan abin da ya rage. Ya gyara zama, ya ɗaure fuska irin ta mai gida, ya juya ga 'yarsa.

"Rumasa'u, kin yi ƙoƙari, ban hana ba. Amma akwai gyara. Ni na zauna na koya miki duk abin nan, ni na san kansa. Da abu ya faru, me ya hana ki zo wurina, kika tsallake ni kika tafi wurin Ummanki?"

Rumasa'u ta durƙusa cikin ladabi, kai a sunkuye.

"Ai wurinka na fara zuwa, Baba. Na tarar kana ta fama da rubuto mini saƙo, sai na ce kada in katse ka."